Raunin Wuta da Ƙonewar Injina a Katsina: Sabon Moto Ya Zo, Ina Masu Gyaransa?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina kan haura digiri 40, ruwa da iska su ne manyan bukatun kowane gida. A Kambarawa da sauran unguwannin birnin, gidaje da masallatai da makarantun Islamiyya da yawa sun dogara ne da rijiyar burtsatse, ita kuwa ba ta ba da ko ɗigo sai injin da ke ƙasanta, wanda aka fi sani da sumo, ya juya. Fankar ɗaki da firij ɗin mai ƙanƙara da injin markaɗe da keken tela, duk abu ɗaya ne ke motsa su, wato moton lantarki.

A wannan lokacin ne kuma wuta ta fi zuwa da rauni, domin kowa ya kunna abin da yake da shi. Alamun sanannu ne. Fanka ta riƙa jan jiki, firij ya yi ta yunƙurin tashi yana kasawa, sumo ya yi ta gurnani amma tanki ba ruwa. In ba a yi hanzarin kashe shi ba, sai a wayi gari ya yi tsit. A kira mai gyara, a zaro shi, a buɗe, a tarar waya ta yi baƙi ƙirin. Hukuncin da ake ji kullum ɗaya ne: koyil ya ƙone, lo-karen ta ci shi.

A 'yan shekarun nan wani sabon nau'in moto ya cika kasuwa. Shi ne a cikin fankokin sola masu inganci, da sumon sola, da babur mai batir, da ƙaramin moton da teloli ke ɗaura wa manyan kekunansu. Wani ana ce masa marar buroshi, wani kuma sarbo. Cinsu kaɗan ne, kuma sun fi na da jure raunin layi. Sai dai suna da nasu sharuɗɗan. Wanda bai san bambancin bolt da wat ba zai ƙona su kamar yadda ya ƙona na farko, kuma wannan karon da wuya ya sami mai tayar masa da su a cikin gari.

Katsina a ƙarshen waya

Wutar da ke shigowa Katsina doguwar tafiya take yi. Ana samar da ita a madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro, da tashoshin gas waɗanda galibinsu a kudu suke. Manyan layuka masu bolt 330,000 ne ke ɗauko ta zuwa Mando a Kaduna, daga nan zuwa Kumbotso a Kano. A Kumbotso ake rage ta zuwa bolt 132,000, ta biyo ta Kankiya ta iso Katsina, wani reshen ma ya zarce Gazawa a Jamhuriyar Nijar. A cikin gari sai a ci gaba da sauke ta, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har taransifomar unguwa ta mayar da ita bolt 230 ɗin da ya kamata a samu a soket. Tun watan Nuwamba na 2013, da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, KEDCO ke kula da wannan zango na ƙarshe a jihohin Kano da Katsina da Jigawa.

Kowace waya tana cin wani abu daga wutar da ta ɗauko, kuma cin yana ƙaruwa da tsawon wayar da sirantarta da yawan masu ja. A unguwar da gini ke ƙaruwa kullum, taransifomar da aka kafa don 'yan gidaje takan wayi gari tana ɗauke da ninkinsu. Kowane sabon gida ya ja siririyar wayar alminiyam daga turken maƙwabcinsa. Layi uku ne ke fitowa daga taransifoma, amma da zarar an ga ɗaya ya fi ƙarfi, sai kowa ya koma kansa, shi ma ya durƙushe. Mai gidan da ke ƙarshen layi yakan ɗora mita ya ga 180, ko 160, ko ƙasa da haka.

Wani lokacin ma ko mai raunin ba a samu. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Tashar da aka yi fatan za ta ba Katsina wutar kanta, wato ta iska da ke Lambar Rimi, mai fankoki 37 da aka tsara su ba da megawat 10, tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ake maganarta. A watan Disamba na 2012 aka sace Francis Collomp, injiniyan kamfanin Vergnet na Faransa da ke aikin, daga nan aikin ya shafe shekaru yana jan ƙafa. Wannan ne ya sa mutanen Katsina suka koma neman mafita a rufin gidajensu, wato wutar sola.

Bolt, amfiya da wat

Abu uku ake aunawa a wuta, kuma tankin ruwan da ke saman gida ya isa ya bayyana su. Tsayin tankin shi ke ba ruwa ƙarfin turi, wannan shi ne bolt. Yawan ruwan da ke bi ta bututu kowace daƙiƙa shi ne amfiya. Aikin da ruwan zai iya yi in ya fito kuwa ya dogara da duka biyun, shi ne wat. Lissafin ba shi da wuya: bolt sau amfiya, shi ke ba da wat. Sunayen na mutane ne: Alessandro Volta ɗan Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800, da Ampère ɗan Faransa, da James Watt mai injin tururi, wanda ya bar mana awon ƙarfin doki. Doki ɗaya wat 746 ne.

Ke nan ana iya samun wat 1,000 ta hanyoyi da dama. A kan batir mai bolt 12, sai an ja amfiya 83. A kan bolt 48, amfiya 21 ta isa. A kan bolt 230, huɗu da ɗan ɗoriya ce kawai. Aikin ɗaya ne, amma wahalar waya ba ɗaya ba ce, domin zafin da ke tashi a waya amfiya yake bi, kuma ba bi na sannu ba. In amfiya ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. In ta ninka sau huɗu, zafi ya ninka sau 16. Dalilin da ya sa ake ɗauko wuta daga Shiroro a kan bolt 330,000 ke nan, kuma dalilin da ya sa mai haɗa sola da ya san aikinsa ba ya yarda ya ɗora babban gida a kan bolt 12.

Me ke ƙona tsohon moto

Moton da ke cikin sumon layi da fankar rufi da firij na gargajiya, asalinsa ƙirar da Nikola Tesla ya yi wa rajista a Amurka a 1888 ne. Abu ne mai sauƙi da ƙarko: wayar jan ƙarfe naɗe a jikin gangar waje, da dunƙulen ƙarfe mai juyawa a tsakiya. Gudunsa yana ɗaure da bugun wutar layi, wadda ke kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ake ganin juyi 2,850 ko 1,425 a minti a rubuce a jikinsa.

Rauninsa yana wajen ƙarfin murɗa. In bolt ya sauka, ƙarfin murɗa yana faɗuwa fiye da yadda bolt ɗin ya faɗi. Daga 230 zuwa 160, abin da ya rage bai kai rabi ba. Ruwan da ke cikin bututu kuwa bai rage nauyi ba. Sai moton ya rage gudu, ya shiga jan amfiya fiye da kima don ya cike giɓin. Abin da ake kira lo-karen, a cikin moton da ke ɗauke da kaya bolt ne ya yi ƙasa, amfiya kuwa sama ta yi, kuma ita ke dafa koyil. Masana sun daɗe da ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwar fentin da ke jikin wayar gida biyu.

Lokacin tashi ya fi haɗari. Irin wannan moto yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na amfiyarsa a 'yan daƙiƙun farko. In wutar ba ta isa ta tayar da shi ba, sai ya tsaya a wannan hali yana gurnani, yana shan wannan ninkin, har ya ƙone. Shi ya sa sumo mai doki ɗaya, wanda cinsa bai wuce wat 1,000 da 'yan kai ba, yake durƙusar da janaretan da a takarda ya fi ƙarfinsa. Sitabilaiza tana taimakawa, amma ba ta ƙirƙirar wuta. Don ta ba da bolt 230 daga 160, dole ta ƙara jan amfiya daga layi, wannan kuma ya ƙara raunana wutar maƙwabta. In kowane gida ya sa tasa, unguwa gaba ɗaya ce ke ƙara nutsewa.

Duk da haka tsohon moto yana da wata falala babba: ana tayar da shi. Mai naɗin koyil zai kwance ƙonanniyar waya, ya ƙirga zagayenta, ya auna kaurinta, ya naɗa sabuwa, ya shafe ta da fenti, ya gasa, ya canja kafasita, inji ya koma aiki. Sana'a ce da ta ciyar da gidaje da yawa a Katsina, kuma yaran shago sun gaje ta daga iyayen gidansu.

Moton da ba shi da gawayi

Akwai wani tsohon nau'in kuma, wanda ke cikin injin huda bango da na yankan ƙarfe da bilenda da kik ɗin mota. A cikinsa koyil ne ke juyawa, wuta kuma tana shigarsa ta wasu gutsattsarin gawayi biyu da ke gogar zoben jan ƙarfe. Su ne buroshi. Gogayyar tana fitar da tartsatsi da zafi, gawayin yana cinyewa, ƙurar hunturu kuma tana hanzarta cinyewar.

A 1962 wasu injiniyoyi biyu a Amurka, T. G. Wilson da P. H. Trickey, suka bayyana yadda za a juya tsarin: a ɗora maganaɗisu a ɓangaren da ke juyawa, koyil ya tsaya cik a gefe, sannan a bar wa allon lantarki aikin kunna koyil ɗaya bayan ɗaya. Don allon ya san inda maganaɗisun ya kai, akan sa ƙananan na'urorin ji masu aiki da abin da Edwin Hall ya gano a 1879. Abin bai yi araha ba sai bayan farkon shekarun 1980, da Masato Sagawa a Japan da John Croat a Amurka suka samar da maganaɗisun niyodimiyam, ƙarami mai tsananin ƙarfi. Yau mafi yawan wannan maganaɗisu a Sin ake ƙera shi, shi ya sa farashin kayan yake bin dala.

Ribar a fili take. Fankar rufi ta gargajiya takan ci wat 70 zuwa 75, marar buroshi kuwa wajen 30 don iska kusan iri ɗaya. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100 yana ɗauke da wutar da ta kai wat 1,200 na awa guda, amma in na ruwa ne, rabinta kawai ya kamata a sha in ana son ya yi ƙarko. Wannan rabin zai riƙe tsohuwar fanka awa takwas, sabuwar kuwa awa 20. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A watan Afrilu na 2024 aka mayar da kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka ce sun fi samun wuta, naira 225 a kowane yunit. Wannan lissafin ne ya cika shagunan Katsina da kayan sola, ba kwalliya ba.

A moto marar buroshi, bolt ne ke yanke iyakar gudu, kaya kuma shi ke yanke yawan amfiya. Dalili shi ne duk moton da ke juyawa yana haifar da nasa turin wuta mai tunkarar na batir, kuma turin yana ƙaruwa da gudu har su kusa yin kunnen doki. A nan gudu ke tsayawa. Ƙananan jirage marasa matuƙi da masu ɗaukar hoto ke tashi da su a biki da hawan Sallah, akan rubuta wa motonsu lambar KV, wato juyi nawa yake yi a minti kan kowane bolt. Mai lamba 1,000 a kan batir mai bolt 11.1 zai kai juyi 11,100 in ba ya ɗauke da komai. In kuwa wani abu ya riƙe shi ya hana shi juyawa, turin da yake mayarwa ya ɓace, amfiya ta kwararo ba shamaki, abin da zai fara tafiya shi ne allon. Haka ma mai babur ɗin lantarki da ya ƙara batir a kan mai bolt 48 don ya sami gudun mai 60: zai ji daɗin gudun, amma kwantirolar, wato allon da ke sarrafa moton, ba a gina ta don haka ba. Maganaɗisun ma yana da iyaka, domin na gama-gari yakan fara rasa ƙarfinsa dindindin in zafinsa ya wuce digiri 80.

Sumon sola da lissafin rijiya

Babu inda wannan moto ya fi canja rayuwa kamar wajen ruwa. Madatsar Ajiwa ta daɗe tana shayar da birnin Katsina, an kuma ɗora fata a kan ta Zobe da ke Dutsin-Ma, amma gari ya fi bututu saurin faɗaɗa. A gonakin rani kuma, daga Ajiwa zuwa Jibiya, kuɗin man injin ban ruwa yana cinye ribar tumatir da albasa tun kafin a kai su kasuwa.

Sumon sola ba ya bukatar wancan mugun jan na lokacin tashi. Kwantirola tana tayar da shi a hankali, da hantsi ya fara da ɗan gudu, da rana tsaka ya cika, da la'asar ya sassauta. Wasu manyan kamfanoni sun faɗaɗa abin sosai. Sumon SQFlex na kamfanin Grundfos yana karɓar wutar faifan sola daga bolt 30 har 300. Amma yawancin waɗanda talaka ke iya saye suna da ƙunƙuntar iyaka, kuma a nan ake tafka asara.

Kuskure na farko yana wajen jera faifai. In aka haɗa su a jere, kan wannan da wutsiyar wancan, bolt ɗinsu ne ke taruwa. Faifai mai wat 550 yakan ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa komai ba, biyu a jere sun kusa 100. Wannan awo a kan zafin digiri 25 aka yi shi, kuma sanyi yana ƙara wa faifai bolt. Ke nan kwantirolar da iyakarta 100 tana iya wuce bazara lafiya, ta zo ta mutu da sanyin safiyar hunturu. Zafi kuma akasin haka yake yi, yana rage bolt, ƙura tana rage amfiya, shi ya sa faifan da ba a gogewa yake hana tanki cika.

Na biyu, sayen sumo da lambar wat kawai. Ɗaga lita ɗaya ta ruwa kowace daƙiƙa zuwa tsayin mita 50 yana bukatar wat 490, ba tare da an lissafa asara ba. In aka sa asarar moto da ta famfo, abin ya kusa 1,000. Duk wanda ya ce sumo mai wat 300 zai yi wannan aiki, bai faɗi gaskiya ba. Tambayar da ta dace ita ce lita nawa yake bayarwa a zurfin rijiyata, har da tsayin tankina. Na uku, waya. Sumo mai wat 750 a kan bolt 48 yana jan sama da amfiya 15, in aka saukar masa da siririyar waya mai tsawon mita 60, wani kaso mai yawa na wutar a hanya zai ƙare. Saboda haka ne ake ƙera na rijiyoyi masu zurfi a kan bolt 72 ko 96 ko 110. Araha ba ta ado, kuma a wannan harka wayar da aka yi wa rowa ita ke kashe injin da aka saya da tsada.

Sarbo a shagon tela

Duk wanda ya shiga shagon tela ana saura mako biyu Sallah ya san ƙarar tsohon moton kuloci. Da an kunna shi yake juyawa, ko ana ɗinki ko ana yanka ko ana hira da mai kaya, yana shan wuta yana ƙara wa shago zafi. Tela yana sarrafa shi ne da taka kuloci, kuma sabon yaro yakan sha wuya kafin ƙafarsa ta iya, domin keke irin Juki DDL-8700 yana iya kai ɗinki 5,500 a minti.

Moton sarbo na keken tela marar buroshi ne da aka ƙara masa ido. Akwai na'ura a gindinsa da ke ƙirga kowane ɗan motsi tana sanar da allo, allon kuma yana gwada inda moton yake da inda aka umarce shi ya je, yana gyarawa nan take. Moto na gama-gari ana ce masa juya ne kawai. Sarbo ana ce masa juya da gudu kaza, ka tsaya a wuri kaza, kuma ya tsaya. Dabarar ta girmi lantarkin gida: injiniyan Faransa Joseph Farcot ya yi amfani da ita wajen juya akalar manyan jiragen ruwa, ya kuma wallafa littafi a kanta a 1873.

A keken tela, wannan yana nufin allura ta tsaya a ƙasa in za a juya kwana, ta tsaya a sama in za a zare yadi, kuma maigida ya iya rage wa yaro gudu da maɓalli. Lambar 550 ko 750 da ke jikinsa iyakar abin da zai iya bayarwa ce. In ƙafa ba ta kan feda, kusan ba ya cin komai, shi ya sa shagon da a da sai da janareta yanzu yake iya tafiya da inbata da 'yan faifai. Injinan surfani na kwamfuta, masu fitar da aska takwas a gaban babbar riga cikin 'yan awoyi, da wannan daidaiton suke aiki, domin in allura ta sauka kafin firam ya gama matsawa, zane ya lalace. 

Raunin sarbo yana cikin akwatinsa. Allon yana mayar da bolt 230 na layi zuwa kusan 325 na wutar da ba ta kaiwa da komowa, ya tara a manyan kafasitoci waɗanda galibi iyakarsu 400 ko 450. In layi ya yi tsalle zuwa 300, abin da ke ciki ya haura 420. In kuwa wayar nutural ta tsinke a taransifoma, gida yana iya samun abin da ya doshi 400 a soket. Tsohon moto yana iya jure irin wannan na ɗan lokaci. Allon lantarki ba ya jira. Dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa, da ƙaramin janareta mai hawa da sauka, da tsawar damina, su ne manyan abokan gabansa. Kuma mai gyara ya sani, kafasitocin nan suna riƙe wutar da za ta iya illata mutum ko bayan an zare soket.

Wa zai gyara?

A nan ne matsalar take. Tsohon moto a koyil yake mutuwa, kuma Katsina tana da masu koyil. Sabon a allo yake mutuwa, kuma masu allo ba su da yawa. Sau da yawa abin da ya ƙone mosfet ɗaya ne, wato ƙaramin makunnin da ke kan allon, ko kafasita ko na'urar ji, kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Amma allon wani lokaci a dasƙare yake cikin roba, ba zanen haɗi, ba kayan canji. Sai a ce wa mai kaya ya sayi sabo, ko a aika Kano, ko a jira daga Legas. Manomin da rijiyarsa ta tsaya a tsakiyar rani ba shi da wannan lokacin.

Idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Gwanintar da ake bukata tana nan cikin gari, a rarrabe take kawai. Mai naɗin koyil ya san moto, ya san zafi da kaya. Mai gyaran wayar salula ya san allo, hannunsa ya saba da narka dalma a kan abin da ido ke gani da ƙyar. Mai haɗa sola ya san faifai da batir. Abin da ya rage shi ne wurin da za a haɗa ukun a koya musu abin da kowannensu ya rasa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Ƙauyen Koyon Sana'o'i na Matasa da aka kafa zamanin Gwamna Ibrahim Shema, duk suna iya shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa, da yamma ko a ƙarshen mako, ga masu sana'ar da ba za su iya rufe shago su koma aji ba. Hukumar NBTE da ke Kaduna, mai kula da ilimin fasaha, ita ya kamata ta ba irin wannan horo takardar shaida. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta sa ido kan kayan da ake shigowa da su da lambobin ƙarya a jikin kwali. Gwamnati da ƙungiyoyin da ke gina rijiyoyin sola a unguwanni da ƙauyuka su daina karɓar aiki sai da kayan canji da horar da wanda zai kula da shi a wurin.

Kai kuma mai karatu, kafin ka biya kuɗin fanka ko sumo ko moton keke, ka nemi amsar abu huɗu: mafi ƙarancin bolt da mafi yawan da yake karɓa, wat ɗin da yake ci in yana aiki na yau da kullum, kaurin wayar da yake bukata, da inda ake samun allonsa in ya lalace. Ka sa na'urar da ke yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, ka riƙa zare kayanka in an ɗauke wuta, kuma kada ka bari a haɗa maka komai sai an ɗora mita a gabanka. Dillalin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, ka bar masa kayansa ka nemi wani.